Otel ɗin Legoland na Dubai: ko ya cancanci kuɗinsa ga iyalin da zai kai yara wasa a karon farko?

Dubai da yawancin mutanen Maraɗi suka sani ita ce Dubai ta fatauci, wato unguwar Deira da kasuwar Naif da layin masu zinariya, tare da ƙananan otel-otel da ɗan kasuwa yake ajiye jakarsa a ciki ya wuni yana zagayen shaguna da wuraren ɗaurin kaya. Wannan sani ya wadatar ga wanda ya je saro yadi ko wayoyi, amma bai wadatar ba ga magidancin da ya yi niyyar kai iyalinsa babban dandalin wasannin yara a karon farko, domin a irin wannan tafiya wurin kwana shi ne yake yanke hukuncin ko za a ji daɗi ko za a sha wahala. Na kai iyalina, mun sauka a otel ɗin Legoland da ke cikin rukunin wuraren wasa na Dubai Parks and Resorts, kuma ra'ayina shi ne ya cancanci kuɗinsa ga wanda ƴaƴansa ba su wuce shekara 12 ba, bisa wasu sharuɗɗa da ya kamata a auna tun ana gida.

Rukunin yana yankin Jabal Ali, a bakin babbar hanyar Shaikh Zayid wadda ta nufi Abu Dabi, kuma tsakaninsa da babban filin jirgin saman Dubai akwai wajen kilomita 60. An buɗe shi a ƙarshen shekarar 2016. A cikinsa akwai dandalin Legoland, da dandalin wasan ruwa da ke maƙwabtaka da shi, da Motiongate wanda aka gina a kan fina-finan Amurka, sai kuma Real Madrid World da aka buɗe a 2024 a gurbin dandalin fina-finan Indiya wanda aka rufe a 2023. Masauki uku ne suke kusa da ƙofofin: otel ɗin Lapita mai ɗakuna fiye da 500, da Rove at the Park wanda ya fi sauƙin kuɗi, da otel ɗin Legoland mai ɗakuna 250 wanda ya fara karɓar baƙi a watan Janairun 2022.

Kafin mu tashi, wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya kawo mini lissafi mai rahusa wanda ya haɗa tikitin jirgi da biza da ɗaki a Deira, yana mai cewa wurin wasan ba shi da nisa. Yayana, wanda ya daɗe yana fatauci a can, shi ma ya goyi bayan hakan, ya ce kuɗin kwana ɗaya a otel ɗin Legoland zai biya kwanaki a masaukin da ya saba. Na ce masa, "Yaya Alhaji, kai kaɗai kake zuwa da jakarka, ni kuwa da ƙananan yara zan je, ga uwarsu da goyo." Deira tana can ɗaya ƙarshen garin, kusa da filin jirgi, saboda haka wanda ya sauka a can yana kai yara Jabal Ali ya zama kamar mutumin da yake kwana a Maraɗi yana kai ƴaƴansa Gidan Rumji kowace safiya, ya dawo da su da dare. Jirgin ƙasa na cikin gari bai kai har ƙofar dandalin ba, kuɗin tasi zuwa da dawowa kuma yana cinye rabin abin da aka yi zaton an rage a kuɗin ɗaki, balle cunkoson motocin yamma wanda yake riskar mutum daidai lokacin da yara suka gaji suka fara kuka.

Abin da mutum yake saye da kuɗin wannan otel shi ne kusanci. Daga ƙofarsa zuwa ƙofar dandalin tafiyar ƴan mintuna ce a ƙafa, kuma amfanin hakan yana bayyana ne da azahar. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 da ya shiga dandali da hantsi, ya hau wannan ya hau wancan, ya tsaya a layi cikin rana, zuwa ƙarfe ɗaya ya ƙare, ko da kuwa bakinsa yana cewa bai gaji ba. Iyalin da masaukinsu yake nesa ba su da zaɓi sai su daure har yamma, tunda sun biya tikitin wuni kuma ba za su iya komawa su dawo ba, sai ka gan su zaune a inuwa, uwa tana rarrashi, uba yana duba agogo. Mu kuwa mukan koma ɗaki, a yi alwala a natse, a yi salla, a wanke yara, su yi barcin rana, bayan la'asar a sake fitowa da sabon ƙarfi, lokacin da rana ta yi sanyi. Mai ɗakina ta ce wannan hutun tsakiyar rana shi ne ya sa ita ma ta ji cewa hutu ta zo, domin a tafiya da yara yawanci uwa aikin gida take ɗauka ta kai wata ƙasa. Na yarda da maganarta ƙwarai, kuma a kanta na gina hukuncina a kan otel ɗin.

Ɗakin kansa an tsara shi ne da iyali a rai. Akwai babban gadon iyaye, akwai kuma lungun yara a gefe mai gado mai hawa biyu da wani ƙaramin gado da ake jawowa daga ƙasa, ta yadda manya biyu da yara uku za su kwana ba tare da an shimfiɗa wa kowa a ƙasa ba. Kowane ɗaki da irin adonsa, wani na masarauta, wani na ƴan fashin teku, wani na masu yawon binciken kufai, kuma akwai akwatin tubalan Lego, wato ƙananan tubalan roba masu maƙale wa juna, da yara za su yi ta gine-gine da su. Akwai wani ƙaramin akwati a kulle wanda sai yara sun warware ƴan tambayoyi a cikin ɗakin kafin su sami lambar buɗe shi, a ciki kuma su tarar da ƴar kyauta. Wannan dabara ta burge ni, domin ta shagaltar da su a daidai lokacin da muke buƙatar natsuwa mu kwance kaya. Sai dai gidajenmu na Maraɗi ba safai suke tsayawa a yara uku ba, kuma otel-otel na Dubai ba sa sassauci a kan adadin mutanen da aka rubuta wa ɗaki. Mai ƴaƴa biyar, ko wanda zai tafi da Hajiya kakar yara, ya lissafa ɗaki biyu tun farko, ya kuma roƙi a ba shi masu maƙwabtaka da juna, a rubuce, kafin ya biya.

Shi dandalin Legoland an yi shi ne domin yara daga shekara 2 zuwa 12, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa na fifita shi ga zuwan farko. Yaron da bai taɓa ganin abin hawa da ya wuce lilon sallah ba yana bukatar a fara masa da abu mai sauƙi. A nan akwai filin koyon tuƙi inda yara suke tuƙa ƙananan motocin lantarki a kan titi mai fitilu da alamomi, akwai ƙananan jiragen ruwa, akwai motar kashe gobara da iyali suke haɗa ƙarfi su tura, sannan akwai jirgin Dragon mai hawa da gangara ga wanda zuciyarsa ta yi ƙwari. Wurin da ni kaina na fi daɗewa shi ne Miniland, babban zaure mai rufi da na'urar sanyaya wuri, inda aka gina shahararrun gine-ginen yankin da tubalan Lego, har da kwaikwayon dogon benen Burj Khalifa wanda aka yi shi da tsayin mita 17 da babban masallacin Shaikh Zayid na Abu Dabi. Abin lura shi ne da tsayi ake tantance wanda zai hau abin wasa, ma'aikaci yana tsaye da ma'auni a bakin kowane layi, kuma ba ya karɓar roƙo. Ya kamata uba ya auna tsayin kowane yaro da santimita tun yana gida, ya duba sharuɗɗan a shafin intanet na dandalin, domin ƙaramin cikinsu ya san abin da zai hau da abin da zai tsaya kallo, kada ranar ta lalace da kukan an bar shi.

Ta fuskar addini da abinci hankali kwance yake. Naman halal ne, akwai ɗakunan salla na maza da na mata a cikin dandalin, kuma mace mai hijabi ba baƙuwa ba ce a wurin, tunda yawancin iyalan da za ta gani daga ƙasashen Larabawa da Asiya suke. Karin kumallo a jere yake, kowa ya ɗibi abin da yake so, kuma yaron da ya saba da koko da ƙosai zai sami burodi da ƙwai da madara da ƴaƴan itace da zai riƙe cikinsa. Ƙullin yajin da mai ɗakina ta taho da shi ya gyara mana shinkafa da kaza ba sau ɗaya ba. Manyan otel-otel na Dubai sukan sayar da giya a keɓantaccen wuri, wanda wannan ya dame shi ya san da haka. A dandalin ruwa kuma ana karɓar kayan ninƙaya masu rufe jiki, amma doguwar riga mai yalwa ba ta dace da magangarar ruwa ba saboda haɗari, don haka gara a tanadi kayan da suka dace kafin a isa ƙofa.

Batun kuɗi yana son natsuwa. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.67, sefa kuma a ɗaure take da yuro a kan 655.957, saboda haka dirhami 100 yakan kama tsakanin jika 15 da jika 17, gwargwadon yadda dala da yuro suke a ranar. Farashin da ake nunawa da farko a intanet sau da yawa bai haɗa da harajin kaya na kashi 5 cikin 100 ba, da kuɗin hidima, da na hukumar gari, da wani ƙaramin harajin baƙi da ake karɓa a kan kowane ɗaki kowane dare. A lokacin da muka je kuɗin ɗakinmu ya haɗa da shiga dandalin, kuma wannan shi ne ya daidaita lissafin, domin tikitin mutum biyar idan aka saye shi daban ba ƙaramin kuɗi ba ne. Irin wannan tayi yana sauyawa, saboda haka a tabbatar takardar ajiyar ɗakin ta faɗi ƙarara wane dandali aka haɗa, na kwana nawa, da ko akwai karin kumallo. Abincin cikin irin waɗannan dandali kuwa ko'ina a duniya yana da tsada, a ware masa kasonsa.

Lokacin tafiya ma sharaɗi ne. Babban hutun makarantunmu yana faɗowa daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da zafin Dubai yake haura digiri 40. Kada mutum ya ce ya saba da zafin Afrilu na Maraɗi, domin namu busasshe ne, nasu kuwa yana tafe da gumin teku wanda yake hana numfashi sakewa, alhali yawancin abubuwan hawan Legoland a fili suke. Daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayi yake da daɗi, hutun ƙarshen Disamba ya dace, sai dai a lokacin farashi yana tashi, jama'a kuma suna yawa. Tun daga Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai ya koma Asabar da Lahadi, da rabin ranar Juma'a, don haka ranakun tsakiyar mako sun fi saukin layi.

Akwai waɗanda ba zan ba su shawarar wannan otel ba. Idan manyan ƴaƴanka sun kai shekara 13 ko 15, adon tubala da ƙananan motoci ba za su riƙe su ba, sun fi bukatar Motiongate da Real Madrid World, kuma Lapita, mai faffaɗan fili da tafkunan wanka, ya fi dacewa da gidan da ya haɗa manya da ƙanana. Wanda kuma dole sai a cikin babban hutu zai yi tafiya, ya duba tsibirin Yas na Abu Dabi, inda wuraren wasa na Warner Bros. World da aka buɗe a 2018 da SeaWorld da aka buɗe a 2023 duk a cikin rufi suke da sanyi, akwai kuma otel-otel kusa da su.

Hanyar zuwa doguwa ce ga yaro. Ko dai a bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ko a bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina zuwa Kano, sannan a hau jirgin da zai yada zango a wani gari kamar Adis Ababa kafin ya isa. Kowane yaro, har jariri, sai da fasfo da bizarsa, kuma agogon Dubai yana gaba da namu da awa 3. Jirage da yawa cikin dare ko da asuba suke sauka, alhali otel sai wajen la'asar yake miƙa ɗaki, saboda haka wanda zai isa da asuba ya biya daren da ya gabata, ko ya nemi alƙawarin shiga da wuri a rubuce, kuma kada ya sa wasa a ranar isowa. Tsarin da muka bi, wanda zan sake bi, shi ne mu fara da Jabal Ali har yara su ƙoshi da wasa, sannan mu koma Deira a kwanakin ƙarshe, inda ɗaki yake da araha, kasuwar tsaraba tana bakin ƙofa, filin jirgi kuma tafiyar ƴan mintuna ce a mota.