Ƙanƙarar mentol daga wani shago a Kasuwar Wunti

Na sayi ƙanƙarar mentol a wani shagon kayan haɗa sabulu da turare da ke Kasuwar Wunti a Bauchi, domin man zafin da nake haɗawa da man kaɗanya. Mentol sinadari ne dangin tarpin (sinadaran ƙamshi na tsirrai) da ake samu daga man na'a-na'a, kuma shi ne ke sanya sanyi a alawar tari da man goge baki. Kayan nasu mai kyau ne, fari tas kamar alluran gilashi, ya kuma narke cikin mai ɗumi bai bar datti ba. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne ƙulla shi a leda da suke yi, alhali yana narkewa a wajen digiri 42, ga kuma zafin Afrilu. Nawa ya dunƙule kafin na isa gida, don haka yanzu da kwalba mai murfi nake zuwa.