Gidan Tarihi na Kanta a Argungu: yadda na zagaya shi a kan keken guragu

Tsohuwar fadar Sarkin Kabi da ke Argungu, wadda yanzu ake kira Gidan Tarihi na Kanta, ta fi otal ɗin da na kwana a cikinsa sauƙin shiga ga mai keke irina. Fadar ginin ƙasa ce ta ƙarni na 19, otal ɗin kuwa ko fentinsa bai fara koɗewa ba. Duk ɗan'uwana mai keken guragu da ke shawarar zuwa, ya riƙe wannan tun daga gida: zai ga tarihi, ya more, amma sai ya shirya wa masauki fiye da yadda zai shirya wa gidan tarihin.

Shan inna ne ya same ni tun ina ƙarami, kuma keke mai naɗewa nake hawa. Wannan ya yi mini rana. Daga Birnin Kebbi tafiyar kamar awa ɗaya ce, direban tasha ya naɗe keken ya jefa a but, ya kuma caje ni kuɗin kaya a kansa, abin da na daina musu a kai tuntuni. Mai keken nan mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, wanda ya fi yawa a garuruwanmu, shi zai sha wuya a cikin fadar. Magina na da ba sa sa ƙofar shiga zaure ta kalli ta fita, don kada na waje ya hango cikin gida, saboda haka kana shiga sai ka karya kwana nan take. Keke mai tsawo ba shi da filin juyawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dokin ƙofa. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ne tare ruwan damina, kuma ba zan so a fasa ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin don ni ba. Mun zo da guntun katakonmu, ƙanena ya riƙa shimfiɗa shi a inda dokin ya yi tsayi. Inda bai kai ba, sai ya juya ni da baya, ya kwantar da keken a kan manyan tayoyi, mu haye. Matsalar ita ce samarin da ke rugowa taimako. Da zuciya ɗaya suke zuwa, Allah ya saka musu, sai dai wannan ya kama matakin ƙafa, wancan ya kama madogarar hannu, alhali su biyun nan zarewa suke yi. Kafin ka ce kwabo an ɗaga ka sama kamar buhun shinkafa, ba wanda ya tambaye ka. Dole na riƙa ɗaga murya: "Ku dakata samari, ku kama ƙarfen baya, ɗaya ya tsaya gaba."

Dattijon da ya zagaya da mu ya burge ni, domin ni ya riƙa kallo idan yana magana. Mai keke ya san abin da nake nufi. Sau da yawa mai tura ka ake tambaya, "Shina iya shiga?" kai kana zaune kana ji. Shi ko cewa ya yi, "Malam, daga ina?" Na ce Birnin Kebbi, Baba. Ya yi dariya ya ce to yau mutumin Gwandu ya zo ganin makaman da aka tanada domin kakanninsa.

Wasa yake yi, amma maganar tana da tushe. Muhammadu Kanta, wanda gidan ya ci sunansa, shi ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya yi babban birninsa a Surame, wadda kufanta ke cikin Jihar Sakkwato a yau. Birnin Kebbi, wadda a yau ita ce mazaunin Sarkin Gwandu, ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, Kabawa suka yi ta gwagwarmaya har suka kafu a Argungu, kuma a 1849 Yakubu Nabame ya tayar da tawayen da ya sa Sakkwato da Gwandu ba su sake mallakar garin ba har zuwan Turawa. Idan ka san wannan, kallon masu da takubba da kwari da baka da tsofaffin bindigogin da ke ɗakunan nan yakan sauya. Ba kayan ado ba ne na hawan sallah, kayan mutanen da suka shekara da shekaru suna kwana da shirin yaƙi ne. Ga layu da guraye kuma, domin mayaƙin lokacin bai yarda ƙarfe kaɗai zai tsare shi ba. Sarakuna sun zauna a gidan har 1942 da aka koma sabuwar fada, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958, an kuma raba shi sashe 11.

Zama a keke yana da tasa riba a irin wannan wuri. Tambura da manyan ganguna daidai fuskata suke, na ga yadda aka ɗaure fatar da tsirkiya, na ga inda hannu ya goge itacen har ya yi santsi, abin da mai tsaye sai ya sunkuya zai lura da shi. Abin da aka rataye can sama kuwa sai dai ƙanena ya ɗauka da waya ya miƙo mini, bayan mun nemi izini. Sanyin ɗakunan ma abin faɗa ne. A waje rana tana dukan ƙarfen keke har ba ya taɓuwa, a ciki kaurin bango ya tare zafin gaba ɗaya.

A gidan ne kuma kaburburan sarakunan Kabi suke. Da muka isa wajen kowa ya tuɓe takalmi, ni ko tayoyina su ne takalmana, sun kuma taka duk abin da ke kan hanya tun daga tasha. Ba wanda ya hana ni, ni na zaɓi in tsaya a bakin ƙofa in yi musu addu'a daga nan.

Da la'asar muka gangara Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. An faro bikin a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016. Ba lokacin biki muka je ba, da gangan. Dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin ruwa abin kallo ne, sai dai turmutsutsun ba na mai keke ba ne. Ko babu kowa ma rairayi ya ishe ka, ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke, ƙanena ya ja ni da baya har ya jiƙe da gumi. "Yaya, nan za mu tsaya," in ji shi, muka tsaya inda ƙasa ke da tauri, muka kalli kwalekwale da fadamun shinkafa daga nesa. A nan wani bawan Allah ya zo wucewa ya ajiye mini naira ɗari a cinya. Na bi shi da sallama na mayar masa, ya ji kunya, ni ma haka.

Otal ɗin ba zan faɗi sunansa ba. Na kira tun kafin in taso, aka ce "babu matsala, akwai hanyar keke." Hanyar keken ita ce wani gangaren siminti a gefen gini da ake tura janareta ta kai, tsayuwarsa ko mai ƙafafu sai ya yi hattara. Ƙofar gaba matakala ce da tayil mai santsi. Ɗakin kansa ba laifi, fanka da gado da tsafta, amma ƙofar banɗaki ta fi kekena ƙunci, sai da na sauka na ja jiki a kan tayil mai jiƙa, har alwalar asuba. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Maginin ƙarni na 19 da tubali da azara yana da uzuri, wanda ya zuba kankare jiya ya sayi tayil daga waje ba shi da ko ɗaya.

In za ka kama ɗaki a ko'ina, kada ka tambayi ko akwai hanyar keke, "akwai" za a ce maka. Auna faɗin kekenka da tef ɗin tela, ka sa ma'aikacin ya auna ƙofar banɗaki ya turo maka hoton ta WhatsApp, tare da hoton ƙofar shiga. Gidan tarihin kuma ka je da safe kafin rana ta take, da katakonka da mutum ɗaya da ya san kekenka.