Ofishin Fassarar da Ya Yi Mini Takardar Maganin Feshi a Samaru

Abokan sana'a sun dame ni da tambayar wa ya yi mini 'yar takardar Hausar nan da nake haɗa wa manoma da kwalbar maganin feshi. Wani ƙaramin ofishin fassara ne a Samaru ta Zariya, ɗaki biyu a saman bene, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Ba zan kama sunansu a nan ba, don akwai wuraren da zan taɓa su. Mai buƙata ya same ni a shago a Sabon Gari in yi masa kwatance. Aikinsu dai yana da kyau, kuɗinsu yana da zafi, alƙawarinsu kuwa sai a hankali.

Taki da iri da maganin ciyawa da na ƙwari nake sayarwa. Masu sayayya a wurina galibi mutanen Giwa ne da Soba da Maƙarfi da Kudan, bayanin da ke jikin kwalba kuma da Turanci yake, wani sa'in har da Faransanci, da ƙananan haruffan da ko ni mai tabarau sai na fita rana nake gani. In yi wa mutum bayani da baki, kafin ya kai gida rabi ya zube, sai ya tambayi maƙwabci, maƙwabcin ya ce ƙara murfi biyu ya fi ci. Abin ba na wasa ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa, wanda bai tsallaka ba kuwa mu muka yi ƙosai da shi.

Mai ofishin, wadda kowa ke kira Malama, kimiyyar harshe ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ɓangaren da ta ce na aikace ne. Yadda ta warware mini, akwai masu zama su feɗe harshe don sanin yadda aka gina shi, akwai kuma masu ɗaukar wannan sani su je inda harshe ya hana ruwa gudu: aji, kotu, asibiti, gidan rediyo, ko shago irin nawa. A cikinsu ake samun masu koyar da harshe da tsara jarrabawarsa, masu fassara da tafinta, masu haɗa ƙamus, masu daidaita ƙa'idar rubutu, da masu ba gwamnati shawarar harshen da za a koyar da yara. Ta ce a Amurka sunan wannan ɓangare ya fara fitowa sosai, a wata mujallar Jami'ar Mishigan a 1948, lokacin ma galibi koyar da baƙi Turanci ake nufi. Na ce mata ai mu a Zariya mun riga sunan zuwa. Tun farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta fara aiki a garin nan, nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, to ka ga gadon gidanku ka zo saye."

Abin da ya sa na ce aikinsu yana da kyau ba iya Turanci ba ne, masu Turanci sun yi yawa a Samaru. Tambayoyin da ta fara yi ne. Wa zai karanta? Famfon feshin da suke goyawa lita nawa yake ci? Da me suke awo a gona? Da ta gama zubin farko ba ta miƙo mini ta karɓi kuɗi ba, cewa ta yi sai an gwada a kan masu shi. Ta zo shago da wani yaronta, suka zauna a benci, ta sa aka kawo bokitin ruwa da kwalbar da ba komai a ciki.

Wani dattijo daga wajen Giwa ya shigo. Bayan gaisuwa ta miƙa masa takardar ta ce, "Baba, don Allah karanta mini nan, sannan ka nuna mini yadda za ka haɗa." Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "'Yata, ni bokon nan ba na gane kansa. Da dai ajami ne." Ta rubuta wani abu a littafinta. Sai jikansa, saurayin da ya gama firamare, ya karɓa. Ya karanta yana cije-cije, ya zo inda aka faɗi awon magani da mililita, ya tsaya, ya ɗago kai ya ce, "Anti, murfin ƙaramar kwalba ko na babba?" Ba murfi a takardar ko ɗaya, shi ne ya mayar da awon zuwa abin da ya sani. Da ta tambaye shi kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a ɗebi amfani, bai ma kai wurin ba, don a can ƙasa yake kamar yadda kamfani ya ajiye shi.

Zubi na biyu ya sha bamban. Kwanakin jira sun dawo sama da manyan haruffa. An zana kofin awo da layi a daidai inda magani zai tsaya, ni kuma na fara haɗa wa mai saye da kofin roba. Dogayen jimloli duk ta daddatse su, kowane layi umarni ɗaya. Wannan gyaran ba wanda zai yi shi yana zaune a ofis.

Ajamin kuwa wani malami ta samo a cikin birni ya rubuta da hannu, aka ɗauki hotonsa aka buga. Dalilinta shi ne haruffan Larabcin da ke kwamfuta ba irin zanen da dattawanmu suka saba gani a allo ba ne, kuma ajami bai samu daidaitacciyar ƙa'ida ɗaya kamar boko ba, don haka a bar wa wanda hannunsa ya faɗa. Masu ganin ajami ya mutu su duba takardar naira dubu da ke aljihunsu, ko su zo su ga wane gefen takardata dattawa ke fara juyawa. Sun kuma naɗa mini bayanin da murya don turawa ta WhatsApp. A nan ta yi wata dabara: rubutun Daidaitacciyar Hausa ce, muryar kuwa Zazzaganci tsantsa, irin namu da Kanawa ke mana tsiya wai ba mu san mace da namiji a magana ba. Su yi ta tsiyarsu, mutanen Soba sun ce kamar ɗan garinsu ke musu magana.

To, ga inda suka ɓata mini rai. Alƙawari muka yi takarda za ta fito kafin ruwan shuka, lokacin da ake rububin maganin ciyawa. Ba ta fito ba sai da masara ta kai gwiwa. Yawancin ma'aikatan ɗaliban digiri na biyu ne, da jarrabawa ta matso sai ofis ya zama kufai, ka kira waya a ce "gobe in sha Allahu". Sannan da aka kai wa mai buga takardu, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ga ɗan akwati ya fito, saboda ba su rufe fayil ɗin yadda haruffa ba za su canza ba, ba kuma wanda ya je ya duba kafin a buga da yawa. Mutanen da aikinsu ke nan bai kamata wannan ya wuce su ba. Sun amsa laifi, amma kuɗin sake bugu raba shi muka yi, abin da har yanzu ban ga dalilinsa ba.

Kuɗi kuma da kalma suke lissafi, ba da shafi ba, ajami da kuɗinsa, murya da nata. Shafi ɗaya ya ci mini abin da ya fi ribar katan guda na maganin ciyawa. Wani zai ce ga manhajar fassara a waya kyauta. Tana da amfani in saƙon gaisuwa ne. Guba ce nake sayarwa, ba zan damƙa awonta a hannun abin da ba zai tambayi manomi ko ya gane ba.

Ɗaki na biyu aji ne, na masu shirin WAEC da JAMB da masu neman fita waje. 'Yata ta zauna a ciki kafin jarrabawarta. Abin da ya burge ni, ba sa hana Hausa a aji. Da ita suke nuna wa yaro inda Turanci ya saɓa, kamar yadda Bahaushe ke haɗe sautin p da f don a harshensa ba su rabu ba. Sai dai ɗakin ya yi wa ɗaliban kaɗan, in aka ɗauke wuta a watan Afrilu kuwa sai haƙuri. Suna kuma zuwa tafinta kotu da asibiti. Malama ta tuna mini cewa sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta in bai jin harshen kotu. Mai yaro da in'ina ko jinkirin magana kuma ba sa karɓar kuɗinsa, asibiti suke tura shi, na kuma yaba da hakan.

Kada dai ka taɓo mata zancen harshen koyarwa in kana sauri. Za ta faro maka daga gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci duk shekaru shida na firamare, ta biyo ta manufar ilimi ta 1977, da ta 2022 da ta ce a yi firamare da harshen uwa, har zuwa soke ta da aka yi a 2025. Ni ba malami ba ne, amma na ga jikan dattijon nan: shekara shida a makaranta, Turancin bai samu ba, Hausar ma da ƙyar yake haɗa baƙi.

Wanda zai kai musu aiki ya kai tun da rani, ya duba kalandar jarrabawar jami'a, a yi ciniki a rubuce har da wanda zai biya in bugu ya lalace, ya kuma nemi ganin kwafi ɗaya daga injin kafin a buga sauran. Takardar maganin rumbu tana hannunsu yanzu. Rabin kuɗi na bayar, sauran sai na riƙe ta a hannuna.