Na kai kwanon rufi gwajin leza a Foshan

Jama'a masu harkar kwanon rufi, duk wanda zai yi oda daga Chana ya ji wannan. Ni dai da ido nake sayen kaya da can, in ɗaga in ji nauyi in ƙwanƙwasa shi kenan, har sai da wani kwastoma ya dawo min da ƙorafin tsatsa bayan damina biyu kacal. To wannan tafiyar da na je kasuwar ƙarfe ta Lecong da ke Foshan sai tafintana ya kai ni wani ɗakin gwaji da ke amfani da leza, suna ce wa abin LIBS.

Wallahi abin ya burge ni. Ɗan guntun kwano suka yanka suka sa a na'ura, lezar tana harbin wuri ɗaya tas tas tas, kowane harbi yana ƙone ɗan abu kaɗan ya fitar da haske, kuma kowane ƙarfe da irin haskensa, kwamfuta na karantawa. Kana kallo za ka ga taitaniyam na cikin fenti ya fara fitowa, sai tutiya, wato shafin da ke kare kwanon daga tsatsa, ta biyo, can sai ƙarfen ainihi ya ɗago, kamar masu haƙa rijiya suna wuce ƙasa zuwa marmara. Tabon da ta bari ma sai ka ƙura ido.

Dillalin da zan sayi kaya a wurinsa ya rantse min kayansa Z275 ne, wato giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita in an haɗa fuska biyu, kusan maikron 20 kenan kowace fuska, ko kaurin silin gashi bai kai ba. Da aka gwada nasa da wani samfurin da aka san kaurinsa, nasa tun da wuri lezar ta huda ta isa ƙarfe. Nan take na fasa odar, bawan Allah sai kame-kame.

Inda ban ji daɗi ba, kuɗin da ɗan tsada gaskiya, kuma takardar sakamakon da Sinanci suka fara ba ni sai da na nemi ta Turanci. Sannan kar ka yarda a harbi wuri ɗaya kawai, ka ce a gwada gefe da tsakiya don shafin tutiya ba ya zama daidai ko'ina. In alusink za ka saya, wato kwano mai shafin alminiyom da tutiya, ka ce su duba alminiyom ɗin, kashi 55 cikin ɗari na shafin ya kamata ya kasance. Ni kam na karɓi lambarsu, kwantena ta gaba ma can zan fara kai samfur.