Sharhi: matajin ƙarfe mai haƙora biyu-biyu a jikin karen haski a zafin Katsina

Matajin nan mai kama da ƙaramin manjagara, mai layi biyu na haƙoran ƙarfe marasa tsini, ya biya kuɗinsa. Bayan watanni ana aiki da shi, hukuncina shi ne ya fi wanda ke da reza a baki nesa ba kusa ba.

Dalili yana cikin gashin karen. Haski asalinsa Saiberiya ne, yanki mai tsananin sanyi a Rasha, gashinsa hawa biyu: na sama mai tsauri da ke tare rana da ƙura, da na ƙasa mai laushi kamar auduga. Na ƙasan ne yake zuba. A ƙasashen sanyi sau biyu a shekara yake kaɗe shi, amma a nan, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, kusan kullum cikin zuba yake. Haƙoran wannan mataji suna ratsa na sama su tsamo mataccen na ƙasa. Mai reza kuwa yankewa yake yi har da lafiyayyen, bayan 'yan makonni sai ka ga bayan kare ya yi faci-faci.

Lokacin zuba mai yawa, minti 15 zuwa 20 kullum, da sassafe kafin rana ta ɗaga. Sauran lokaci sau biyu a mako ya isa. Ka buɗe gashin da hannun hagu har ka ga fata, ka ja gajere-gajere ta inda gashin ya kwanta. Wuya, ƙirji, bayan cinya da gindin wutsiya su ne matattarar mataccen gashin. Kada ka danna. Nauyin matajin ya wadatar. Idan ya cije a ƙulli, warware da yatsa tukuna, fizga tana sa kare ya tsani aikin.

Da hunturu gashin yana bushewa ya riƙa manne wa hannu da riga, sai a ɗan fesa ruwa kafin a fara. A yayyafa wa ƙasa ma, in ba haka ba iska ta kwashe shi har madafa da tabarmar salla.

Matajin yana da nasa aibin. Bai iya bayan kunne da ƙafafu ba, nan sai buroshi mai siraran wayoyi. In aka ajiye shi da jiƙa, gindin haƙoran yana tsatsa. Ba ya kuma cire kaska: da damina sai ka bi fatar da yatsa.

Masu cewa a yi wa karen ƙwal saboda zafi, a'a. Aski yana barin fata a rana, gashin kuma kan dawo a hargitse. Wanka sau ɗaya a wata biyu ko uku da sabulun karnuka ya isa, a tsefe kafin wankan, a busar har ƙasa, don danshin da ya maƙale shi ke kawo gyambo. Zubar da ta bar fili a fata, da ja ko susa, ba aikin mataji ba ce, ta likitan dabbobi ce.