Ƙorafin harajin gida ta iFile a Houston: yana aiki, in ka shirya

Ga mai gida a gundumar Harris ta jihar Texas, iFile na HCAD, ofishin da ke kimanta darajar gidaje don haraji, hanya ce mai sauƙi ta ƙalubalantar kuɗin da aka yi wa gidansa ta intanet, kuma kyauta ce. Lambar shiga tana jikin takardar sanarwar darajar gida da ofishin ke aikowa. Wa'adi 15 ga Mayu ne, ko kwana 30 bayan aiko takardar, duk wanda ya fi nisa.

Ka zaɓi dalilai biyu: kuɗin ya wuce farashin kasuwa, kuma bai yi daidai da na gidaje irinsa ba. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne hujja. Darajar gidan a ranar 1 ga Janairu ake dubawa, don haka rufin da ya lalace a Maris ba ya cikin lissafi. Tanadi hotunan tsagewar harsashi, takardar kiyasin mai gyara, da cinikin gidajen unguwa masu girma da shekaru kusan ɗaya.

Raunin tsarin shi ne iSettle, wato tayin sulhu da ofishin ke yi ta intanet: ragin da ake tayawa yakan zama ɗan kaɗan, kuma da ka karɓa magana ta ƙare. In bai gamsar ba, ƙi shi, ka nemi hujjojin ofishin kafin zaman ARB, kwamitin da ke sauraron ƙorafe-ƙorafen darajar gidaje.