Littafin baƙin halittu mai ban tsoro: wanne za ka saya?

Ɗan ƙanwata da ke karatu a ATBU, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ya tambaye ni littafin da zai saya na halittun da ke zuwa daga wata duniya, irin mai hana barci. Kuɗin guda ɗaya gare shi. Na ce masa Who Goes There? na John W. Campbell, kuma ko gobe aka sake tambayata shi zan faɗa.

A 1938 ya fara fitowa cikin mujallar Astounding, da sunan aro Don A. Stuart. Wasu masu bincike ne a Antatika suka tono wata halitta mai jajayen idanu uku, wadda ta yi shekara miliyan 20 cikin ƙanƙara. Suka kai ta masaukinsu, ta narke. Munin kamanninta ƙaramin abu ne. Abin da ke tayar da tsikar jiki shi ne tana cinye mai rai ta koma shi sak, da muryarsa da tunaninsa. Ta fara da karnuka. Daga nan mutumin da kuka ci abinci tare jiya, yau ba ka da tabbacin shi ne. Ga sanyi mai kisa a waje, ga ba inda za a gudu. Wurin da suka ɗibi jinin kowa suna tsoma zazzafar waya a ciki, don jinin halittar yana guje wa zafi da kansa, na karanta shi cikin sanyin hunturu da dare ba wuta, sai da na tashi na duba sakatar ƙofa. Gajere ne, Turancinsa na da ne amma ba ya gagara. Daga shi aka ɗauko fim ɗin The Thing na 1982.

The War of the Worlds na H. G. Wells, na 1898, shi ne kakan irin waɗannan littattafan: mutanen Mars sun sauka kudancin Ingila, ƙwayoyin cuta suka gama da su. Yaƙi ya fi yawa a ciki, tsoron kaɗan ne. Rosewater na Tade Thompson a Najeriya aka kafa labarinsa, a shekarar 2066, ya kuma ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Yana da daɗi, sai dai ya fi karkata ga leƙen asiri. Blindsight na Peter Watts kuwa kimiyyarsa ta yi wa mai farawa nauyi.

To, a kula da 'yan damfara, don ni sun taɓa ni. Na sayi wani littafin irin wannan a hannun mai baza littattafai a bakin titi nan Bauchi, bango mai sheƙi cikin leda. Sai da na kai ƙarshe na ga babi biyu babu, an maimaita wasu shafukan a madadinsu. Na koma, mutumin ya tashi daga wurin. Tun ranar ba na biya sai an yage ledar. Ka bi lambobin shafi har na ƙarshe. Ka buɗe tsakiya, in gam ɗin ya yi ƙara ko takarda ta zare, bugun sata ne. Ka duba tawada, na jabu wani shafin baƙi ƙirin, wani ya koɗe. In ka ga an rubuta abridged ko retold a bango, taƙaitacce ne na 'yan makaranta, an zare masa duk abin tsoron.

Masu tallar PDF a WhatsApp sun fi ba ni haushi. Littafin Wells kyauta yake a Project Gutenberg, wani shafin intanet na tsofaffin littattafai, shi ma Watts da kansa ya ɗora nasa kyauta a shafinsa na intanet, amma sai wani ya ce ka tura masa kuɗi. Wani ma kana turawa zai toshe lambarka. In za ka yi oda daga Legas ko Abuja, ka ce a ɗauko maka bidiyon littafin ana buɗe shafukansa ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka cika kuɗin sai direba ya kira ka daga tasha.